Fuskar Markus a Bangon Gabas

Kwanan baya wasu samari uku suka tsaya a ƙofar shagona a nan Jalingo. Ɗayansu ya miƙo mini waya, ya ce cikin minti biyar zai fitar da hoton Annabi Musa da sandarsa, a buga a ledar talla, wato bana, a manna a bangon coci kafin ni in gama wanke burushi. Abokansa suka taya shi dariya. Na karɓi wayar na duba Musan nasa. Fari ne sol, gashi har kafaɗa, hannu sumul kamar bai taɓa riƙe fartanya ba, balle a ce ya yi shekara arba'in yana bin tumakin surukinsa a jeji. Na ce masa wannan Musan ko rafin Mayo Gwoi ba zai iya tsallakewa ba, balle Bahar Maliya.

Don su da irinsu nake wannan rubutu. Sunana Dauda, amma Mai Fenti aka fi sani a garin nan. Shekara arba'in da 'yan kai ina zanen bangon coci, daga cikin gari har ƙauyukan hanyar Lau. Ban ce na'ura ba ta da amfani ba. Amma bana leda ce, in ta ɓata maka rai sai ka yage ta ka buga wata. Bango kuwa yana shan abin da ka ba shi, ya riƙe. A kan wani mutum mai suna Markus na koyi wannan, kuma shi ne ya sha wahalar karatun, ba ni ba.

Wurin Baba Ayuba na koyi aiki, a Kachalla Sembe. Gajeren mutum ne mai faɗa, idonsa ɗaya kullum yana ruwa saboda warin fenti. Shekarata ta farko ko yatsa ban zana ba. Aikina goge bango da sanfefa, wanke burushi da kananzir, da ɗora katako a kan durom biyu in fara hawa, in bai karye da ni ba sannan shi ya hau. A shekara ta biyu ya bar ni in ja layi. Ana turmuza igiya a bula, a ɗame ta a jikin bango, a ja a saki, ta bar layi gida-gida, don kada kan mutum ya fi ƙarfin jikinsa. Daga nan sai zanen gawayi. Bayan gawayi kuma sai abin da ya raba Baba da sauran masu fenti. Yakan ɗauki jan fentin nan da ake shafa wa ƙofar ƙarfe don kada ta yi tsatsa, ya tsinka shi da kananzir har ya koma kamar ruwan shayi, ya bi zanen fuska da shi, ya bar filasta ta shanye. Yakan ce launin sama baƙo ne, wata rana zai tafi, amma wannan jan ya zama ɗan gida. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya fi haɗa launi wuya shi ne sanin waye waye. Tsohuwar da ke shigowa coci da sanda ba ta karatu, dole ta ɗaga kai ta gane mutum ba tare da an rubuta sunansa ba. Don haka kowa da alamarsa. Bitrus da makullai. Bulus da sanƙo da takobi. Istifanus da duwatsu a hannun riga. Iliya da hankakin da ya kawo masa abinci. Yohanna Mai Baftisma da rigar gashin raƙumi, a rame, kamar wanda fara kaɗai ke riƙe da shi. Daniyel da zakuna, ko da yake Baba bai taɓa ganin zaki ba, nasa duk karnukan farauta ne da aka sa wa gashin wuya. Sai kuma na bayan manzanni, waɗanda Baba ke kira mutanen tarihi: tsohon bishop ɗin da aka ƙone bai musanta Ubangijinsa ba, matan nan biyu na arewacin Afirka da aka jefa wa namun daji, da iyayen ikilisiya, wato manyan malaman coci na farko, da suka taru suka daidaita maganar Triniti, Allah ɗaya cikin uku. Uban ikilisiya littafi ake ba shi. Shahidi, wato wanda aka kashe saboda bangaskiya, reshen dabino.

Wata rana a wani coci na ba Yohanna manzo reshen dabino, don na ga hannunsa ba komai, ya yi mini fili. Baba ya tsaya a bayana ya duba.

"Wa ya kashe shi?"

"Baba, ban sani ba."

"Kai ne ka kashe shi. Mutum ya tsufa ya mutu a kan tabarma, kai ka zo da burushi ka yanka shi. Sauka ka goge."

Na goge ina gunaguni. A lokacin gani nake tsohon nan fitina ce kawai ke damunsa.

Akwai wata al'ada da Baba ya shigo da ita, ta bazu a ƙauyukan da ke kewaye da mu. A bayan manyan da ake sani da suna, akan zana taron mutane cikin fararen riguna, layi-layi har kusa da rufi. Taron shaidu muke ce masa. Da farko fuskokin banza yake ƙirƙira musu. Daga baya mutane suka fara kawo hotunan matattunsu, wannan na babansa, waccan na 'yarta, a sa su cikin taron, su tsaya kafaɗa da kafaɗa a bayan Bitrus da Istifanus. Ran Lahadi mutum ya ɗaga kai ya ga nasa. Baba ya yarda, amma da doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba ya zana fuskar da bai ga kabarinta da idonsa ba. Ko a bayan dutse kabarin yake, sai an kai shi, ya dafa ƙasar da hannu, sannan ya karɓi hoto. Na sha bin sa a rana cikin gonaki don wannan kawai, ina zaginsa a zuci.

Ido kuma shi ne na ƙarshe. Sai an gama komai ake sa ido, a yini ɗaya. Wanda bai taɓa kwana bakwai shi kaɗai a coci da fuskoki arba'in marasa ido ba, bai san aikin nan ba. Da tsakar rana kwanon rufi yana ƙara a sama, jemagu suna motsi a cikin silin, kai kana kan katako kana jin kamar ana jiranka. Ranar da ka sa idon kuwa, kana saukowa ka ga duk sun juyo. Baba ba ya juya wa bango baya a ranar. Da baya-baya yake fita, ya ja ƙofa.

Aikin da nake so in ba ku labari na wani coci ne a wani ƙauye gaba da Kona, shekarata ta shida da samun 'yanci daga hannun Baba. A lokacin sunana ya fara fita, kaina ya ɗan kumbura. Ginin laka ne na kakanni, an yi masa filasta siririya, kuma bangon gabas aka ba ni, wanda ruwan sama ke duka. Iyali ashirin da bakwai suka kawo hotuna, na bi kaburbura ashirin da bakwai, katikis, wato malamin da ke kula da cocin, yana gaba ina biye. Ina cikin zanen gawayi sai wata dattijuwa ta shigo da yarinya 'yar shekara biyu a goye. Mama Saratu ake ce mata. Ta kwance bakin zane ta fito da ɗan ƙaramin hoto. Saurayi ne mai faɗin goshi, yana dariya, haƙoransa duk a waje.

"Ɗana ne, Markus. Ka sa mini shi."

"Allah ya ji ƙansa, Mama. Ina kabarin?"

"Ba na da kabari da zan nuna maka. Ya tafi Lau sayen kifi, kwalekwale ya kife da su a Binuwai. Hulanshi kawai aka kawo mini. Wata takwas yanzu."

Na gaya mata dokar Baba. Ta saurara har na gama, sannan ta juyo da yarinyar gaba.

"Wannan Rahila ne, 'yarshi. Uwan ya koma gidansu, ya bar mini. Kowane yaro a nan zai nuna nashi a bango. Wannan zai nuna mene? Ruwa?"

Na dubi katikis, ya kau da kai. An riga an yi wa Markus addu'ar matattu, an yi zaman makoki, an raba kayansa. Wa ke fita daga Binuwai a watan da ta cika? Na ce a raina, ai ruwa ma kabari ne, tsohon nan dai ya cika tsanani. Tausayi na ciki, ba zan musa ba, amma akwai kuma son a ce Dauda ya yi abin da maigidansa ya ƙi. Na karɓi hoton. Na sa Markus a layi na biyu, daidai bayan kafaɗar Istifanus, tsakanin wani tsohon maharbi da wata mata da ta rasu wajen haihuwa. Na bi fuskarsa da jan nan, har da gurbin ido, sau biyu, don ina so ta daɗe. A duk bangon babu fuskar da ta yi kyau kamarta.

Daga ranar, kowace Lahadi Mama Saratu takan ɗaga Rahila ta ce ta gai da babanta. Yarinyar ta saba. In an tashi coci takan tsaya a gindin bango ta ba shi labarin akuyarsu, ta nuna masa sabon takalmi. Mutane suna yaba ni a kan haka, ni kuma ina karɓa.

Bayan shekara huɗu, wata Litinin da safe, katikis ya tsayar da babur a ƙofar shagona bai ko kashe ba. Ya ce in hau. A hanya ya gaya mini. Jiya ana tsakiyar sujadar Lahadi Markus ya shigo coci da ƙafarsa. Wata mai sayar da busasshen kifi ce ta gan shi a wata tashar masunta can ƙasa da kogi, yana ɗinkin taru, ta gane shi, ta kira sunansa da yarensu, sai ya tuna kansa, ya biyo ta gida. Ashe masunta ne suka tsamo shi da rotsi a goshi, ya warke bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, suka riƙe shi. Da ya shigo, mata suka bi ta taga. Wani dattijo ya ɗebi ƙasa ya watsa masa, don an ce fatalwa ba ta jure ƙasa. Bai ɓace ba. Ya tsaya yana kakkaɓe riga, sai ya ɗaga kai ya ga kansa cikin farar riga a bayan Istifanus.

Uwarsa ta karɓe shi a ranar, ta rungume shi tana ihu. Sauran ƙauyen kuwa suka ja baya. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Amma in ya sa hannu a kwano, sai kowa ya tuna ya ƙoshi. In an yi gayyar noma ba a kiransa. A gidan burkutu an ware masa ƙwarya, ana rataye ta daban. Shekara huɗu suna ganinsa tare da matattunsu, idonsu ya riga ya ajiye shi a can. Duk wannan Markus zai iya haɗiyewa. Abin da ya gagara shi ne Rahila. In ya miƙa mata hannu sai ta sheƙa bayan kakarta. An yi lallashi, an yi tsawa, maganarta ɗaya ce: babanta yana coci, wannan ba shi ba ne.

Na ce abu mai sauƙi ne, a rufe. Na kawo farin fentin ruwa na shafe fuskar har hawa uku, na zana gajimare a wurin. Ran Lahadi Rahila ta shigo ta ga gajimare, ta faɗi tana birgima, tana cewa baƙon nan ya sa an binne babanta. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Na ce yarinya ce, za ta manta.

Damina ta sauka. Wata uku bayan nan katikis ya sake zuwa ya ɗauke ni. Da tsakar rana muka isa, an ɗauke ruwa, rana ta buɗe. Ya buɗe mini ƙofa ya tsaya a waje. Cikin cocin da sanyi da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na nufi bangon gabas. A tsakiyar gajimaren nan akwai ido biyu, ja, suna kallon ƙofa. Ƙasa da su layin baki ya fara fitowa, da dariyar. Na san dalili sarai: danshi ya bi laka ya turo jan fentin ta cikin fentin ruwa, kowane mai fenti ya san haka na faruwa. Sanin bai hana ni ja da baya ba. Sai na ji an yi gyaran murya a bayana. Saura kaɗan in bar takalmina a wurin.

Markus ne zaune a benci, cikin inuwa. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu, ga tabo daga gira har cikin gashi.

"Oga Dauda, ka gani? Ya dawo."

"Danshi ne, Markus. Zan gyara."

"Kullum ina zuwa nan in zauna in duba shi. Shi yana da wuri. Yana da maƙwabta. Yarinya yana kawo mishi labari." Sannan ya ce, "Wani lokaci ina tunani, ko shi ne Markus na gaskiya, ni kuma abin da ruwa ya ƙi ne."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma tsoro ya shige ni, don na ga mutumin nan in aka bar shi haka wata rana zai koma Lau, ba kuwa sayen kifi ba.

Na nemi a bar ni in sa kurfi in fasa filastar wurin. Dattawa suka ƙi, kuma suna da gaskiya. Laka ce a ciki, ta sha ruwa, in ka fasa nan sai maharbin da matar da ke gefe su zubo tare. Iyalansu suka ce wanda ya taɓa nasu zai gamu da su.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Labari ya zaga cewa burushin Dauda yana kiran matattu, wasu kuma suka ce yana sa rayayye a layin mutuwa. Coci biyu da suka riga suka yi magana da ni suka aiko cewa sun ɗaga aikin. Wata mata ta zo har shago ta karɓe hoton mijinta, ta ƙi haɗa ido da ni. Na koma zanen kaza da kifi a bangon gidajen abinci, da kawunan aski a shagon masu aski. Hannun da ya zana Iliya, ga shi yana zana kwalbar lemo.

Da na rasa yadda zan yi, na tafi Kachalla Sembe. Baba Ayuba ya riga ya makance, yana zaune a gindin mangwaro. Na zaci zai zage ni, na ma shirya. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaya.

"Mutumin yana kama da na bango?"

"A'a, Baba. Ya rame, yana da tabo, haƙori biyu sun fita."

"To yarinya yana da gaskiya. Ba shi ba ne. Kai ka yi ƙarya a bango, yanzu kana so ka rufe ƙarya da fari. Ba zai rufu ba, ni na koya maka jan nan." Ya goge idonsa mai ruwa. "Matacce ba ya canjawa, shi ya sa muke zana shi sau ɗaya. Mai rai yana canjawa. Je ka zana mai rai."

"A cikin matattu, Baba?"

"Kai ka sa shi a wurin. Ni na aike ka?"

Katikis ya ƙi da farko, ya ce ba a taɓa yi ba. Muka jira Fada, limamin cocin, wanda ke zuwa ƙauyen sau ɗaya a wata. Ya duba bangon, sannan ya tambayi dattawa me suke nufi in sun ce sun gaskata da tarayyar tsarkaka kowace Lahadi. Ya ce ikilisiya ɗaya ce, wasu sun riga sun isa gida, wasu suna hanya, kuma ba a taɓa raba su ba. In mai rai ɗaya ya tsaya a cikin taron, bangon bai yi ƙarya ba. Sai dai a cire masa farar riga, don bai kai ga sa ta ba tukuna.

Da rani ya shigo bango ya bushe, na dawo da fentin mai. Na zaunar da Markus a benci kusa da taga, na ce wa Mama Saratu ta kawo Rahila, kada a matsa mata, a bar ta ta yi wasanta. Ranar farko na bi jan layin da ya fito, na rage kumatu, na zurfafa gindin ido. Yarinyar tana bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. Rana ta biyu na rufe farar rigar da shuɗiyar taguwar da ke jikinsa, har da inda aljihu ya yage. Ta shigo ta zauna a benci na ƙarshe. Rana ta uku na rufe bakin, na bar ɗan gibin, na ɗauki ƙaramin burushi na ja tabon daga gira zuwa gashi, a hankali, ina duban goshinsa ina duban bango. Ido na ƙarshe, kamar kullum. Da na sauko daga durom, Rahila tana tsaye a tsakiyar coci. Ta dubi bango, ta dubi mutumin, ta sake duban bango. Ta tako har gabansa, ta ɗora yatsa a kan tabon.

"Yana maka zafi?"

"A'a. Ya warke."

Ta zauna a bencin, ba a jikinsa ba, da ɗan fili tsakaninsu. Markus bai motsa ba, ko numfashi da ƙyar yake yi, kamar wanda tsuntsu ya sauka a kafaɗarsa. Da yamma Mama Saratu ta kawo tuwo, yarinyar ta sa hannu a kwanonsa. Ni na fita waje na yi kamar ina wanke burushi.

Daga nan ya zame mini aiki. Kowace shekara bayan girbi nakan hau babur in je, in zaunar da shi a bencin nan, in ƙara wa bango abin da shekara ta ƙara masa. Wata shekarar layi ɗaya ne a goshi, wata shekarar ƙiba ce ya ɗan yi. Yakan ce, "Oga Dauda, kada ka ba ni furfura da Allah bai ba ni ba." Mutanen ƙauye suka saba da ganin shuɗiyar taguwa ɗaya a cikin fararen riguna, suka saba da cewa wannan fuskar tana tsufa tare da su. A hankali ƙwaryarsa ta koma cikin sauran. Akwai tsofaffi biyu da har suka mutu ba su ci da shi ba, wannan ban iya gyarawa ba. Da Mama Saratu ta rasu na je na dafa kabarinta, na sama mata wuri a layi na uku, daidai bayansa. Shekara ashirin da ɗaya muna haka.

A daminar bana, ina zaune a shago, wata mata ta sauka daga keke da jariri a baya. Rahila ce. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Dauda, ka zo ka ga kabari."

Zazzaɓi ne na kwana biyar ya ɗauke Markus. An binne shi a bayan gida, kusa da uwarsa. Na tsuguna na dafa ƙasar, tana da laushi, ruwa ya jiƙa ta. Shekara ashirin da biyar ke nan da ya kamata in yi wannan kafin in taɓa hotonsa. Da na miƙe ta ce akwai abin da za ta nuna mini a coci.

Tun daga ƙofa na gani. Babu shuɗiyar taguwa. A bayan kafaɗar Istifanus saurayi ne mai faɗin goshi, cikin farar riga, yana dariya da haƙoransa duka, launinsa garau kamar jiya na sauko daga kansa. Duk abin da na ɗora a shekara ashirin da ɗaya ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon rogo, ya faɗo. Washegarin jana'iza mai shara ta same shi a ƙasa. Zan iya ba ku dalili. Farin fentin ruwan nan da na shafa a tsakiya ba shi da ƙarfi, fentin mai ya yi masa nauyi, danshi ya shiga tsakani ya raba su. Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne me ya sa ya jure damina ashirin ya zaɓi wannan safiyar. Ku masu waya, in na'urarku ta sani, ku zo ku gaya mini.

Dattawan ƙauyen sun ji daɗin abin. Suka ce ya koma wurinsa, ya sa rigarsa, a bar shi haka, kada a taɓa. Ni ma na so in bari, don hannuna yanzu yana rawa, kuma ban taɓa zana fuskar da ta kai wannan ba. Rahila ta bar su suka gama. Ta kwance wani ƙyalle, sai ga ɓarɓashin fentin da ta tsince, guntun shuɗi, guntun furfura.

"Baba Dauda, wannan na bango na gaishe shi shekara huɗu, bai taɓa amsa mini ba. Mai tabo ne ya kai ni makaranta. Shi nake so yarona ya gani."

Na aika aka kawo durom biyu da katako.

"Rigar fa?" na tambaye ta.

"Ka bar farin. Yanzu nashi ne."

Benci yana nan kusa da taga, ba kowa a kai. Na tsinka launi, na hau, na fara da tabon.